Wane alƙalami mai sauƙin kuɗi ya dace da sa hannu a littafi?

Sa hannu a littafi ba ɗaya yake da rubutu a takardar ofis ba. Takardar littafi maɗaba'a ce ta zaɓe ta domin tawadar inji, ba a yi ta domin alƙalami ba. Marubuci yana ɗaga hannu ake rufe littafin a miƙa wa mai shi, shi kuma ya matse shi a hammata ko ya cusa a jaka. Sannan mai littafin yana fatan bayan shekara 20 ko 30 ya buɗe ya tarar da sunan nan kamar yadda aka rubuta shi. Alƙalamin da zai iya wannan aiki ba sai mai tsada ba. Yawancin abin da ake biya a alƙalami mai tsada kuɗin gangar jikinsa ne, ƙarfe da ado da sunan kamfani, alhali abin da zai zauna a shafin mai karatu tawada ce kawai. Saboda haka a fara da takarda, a bi da tawada, sai a ƙarshe a duba jikin alƙalamin.

Takardar da za a rubuta a kai

Littattafan labari da na waƙa da yawancin na karatu ana buga su ne a takarda mara ƙyalli, mai ɗan kaushi, wadda nauyinta ke kaiwa giram 60 zuwa 90 a kowace murabba'in mita. Irin wannan takarda shanye ruwa take yi. Amfaninta shi ne tawada tana saurin bushewa a kanta. Illarta kuma biyu ce: tawada mai ruwa-ruwa tana bin zaren takardar ta yi naso, har gefen harafi ya fito da ƴan gashi-gashi, kuma idan ta yi yawa sai ta ɓullo ta bayan shafin.

Littattafan hotuna da na yara da na girke-girke kuwa galibi a takarda mai santsi ake buga su, wadda aka shafe fuskarta da wani siririn lulluɓi na farar ƙasa ko alli domin hoto ya fito da kyau. Wannan ba ta shan tawada sai kaɗan. Rubutun yana kwanciya a sama yana jiran iska ta busar da shi, kuma tawadar da ke bushewa cikin daƙiƙa 3 a takardar littafin labari tana iya wuce minti guda a nan ba ta kama ba. Bangon littafi shi ma dabam ne, domin yawanci an lulluɓe shi da siririyar leda, mai sheƙi ko mara sheƙi, kuma leda ba ta shan komai.

Akwai abin da mutane ke mantawa da shi a littafi mai bangon kwali: takardar farko da ke manne da bango sau da yawa ba irin ta cikin littafin ba ce. Takan fi kauri, wani lokaci mai launi ce. Wanda ya gwada alƙalaminsa a can, ya zo ya sa hannu a shafin da ke ɗauke da sunan littafi, bai yi gwajin da zai amfane shi ba.

Rini da garin launi

Tawada iri biyu ce idan ana maganar daɗewa, kuma wanda ya fahimci wannan ya gama rabin zaɓinsa. Akwai wadda launinta rini ne da ya narke a cikin ruwa ko mai. Akwai kuma wadda launinta gari ne mai matuƙar laushi da ke yawo a cikin ruwan bai narke ba. Rini yana da haske da kyan gani, yana gudu a baki ba ya toshe shi, amma hasken rana yana cinye shi a hankali, kuma in na ruwa ne, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya narkar da shi ya bazu. Garin launi kuwa, da zarar ruwan da ya ɗauko shi ya bushe, sai ya maƙale a tsakanin zaren takarda. Ruwa ba ya ɗaga shi, rana ma ba ta cika yi masa komai ba, musamman baƙi wanda aka yi da garin kabon, wato baƙin gari irin na hayaƙi.

Kamfanonin da ke amfani da garin launi ba sa ɓoyewa, sukan buga kalmar Pigment a jikin alƙalamin ko a kwalinsa. Akwai kuma lambobin ƙa'ida na duniya da ake bugawa a kan alƙalumman da suka ci jarrabawar rubuta takardun da ake adanawa: ISO 12757-2 ga biro, ISO 14145-2 ga mai ƙwallo da ruwan tawada, ISO 27668-2 ga na jel, wato mai tawadar ruwa da aka kaurara. Lamba 2 ta ƙarshe ita ce abin dubawa, domin ita ke nuna an gwada tawadar da ruwa da haske da sinadaran goge rubutu. Wanda ya ga 1 a ƙarshe, wannan na rubutun yau da kullum ne. Rashin lambar ba ya nufin tawadar ba ta da kyau, akwai nagartattu da yawa da ba su ɗauke da ita, amma ganinta yana rage wa mutum wasiwasi.

Biro na gargajiya

Tun da László Bíró ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938, kuma Bic Cristal ya shigo kasuwa a 1950, tsarin bai sauya sosai ba: ɗan ƙwallo mai tauri a baki, yana juyawa yana kwaso tawada mai kauri ta mai. Kaurin nan shi ne ƙarfinsa. Ba ya naso ko a takarda mafi rauni, ba ya ɓullowa ta baya, ruwa ba ya wanke shi cikin sauƙi, kuma guda ɗaya yana jan layin da ya kai kilomita 2 kafin ya ƙare. Babu wanda ya kai shi araha.

Matsalarsa daga kaurin nan take fitowa. Sai an danna kafin ƙwallon ya juya, kuma dannawar tana barin kwarmi a shafi biyu ko uku da ke ƙasa. Idan littafi 10 za a sa wa hannu ba komai, idan 200 ne yatsu za su ƙage tun ba a kai rabi ba. Yana kuma tara ɗan dunƙulen tawada a gefen baki, ya ajiye shi daidai inda hannu ya yi lanƙwasa, kuma wannan dunƙulen ba ya bushewa da wuri, shi ne ke mannewa a shafin da ke fuskantarsa idan an rufe. Layinsa siriri ne mai ɗan fari-fari a tsakiya, ba shi da kwarjini a shafin da aka buga sunan littafi da manyan baƙaƙe. Kuma mafi yawan tawadarsa rini ce: baƙinsa yakan juya ya koma ruwan shunayya idan ya daɗe a haske. A cikin rufaffen littafi wannan ba babbar damuwa ba ce, tun da haske ba ya shiga. Biro na gargajiya abin riƙewa ne a aljihu domin ko-ta-kwana, amma da ƙarin kuɗi kaɗan ana samun wanda ya fi shi nesa ba kusa ba.

Sabon biro mai sassauƙar tawada

Wannan shi ne wanda ya fi dacewa da mafi yawan marubuta, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Tawadarsa ta mai ce kamar ta biro, amma an tsinka ta, ta yadda ƙwallon ke gudu ba tare da an danna ba. Uni Jetstream shi ne ya fi shahara a wannan sahu, akwai kuma Pilot Acroball da Schneider Slider. Abin da suka haɗa shi ne abin da mai sa hannu ke nema: suna bushewa kusan nan take a takarda mara ƙyalli, ba sa naso, ba sa ɓullowa ta baya ko a siririyar takarda, kuma a takarda mai santsi sun fi jel kamawa sosai, ko da yake a can ma sai an ba su ƴan daƙiƙu. Tawadar Jetstream baƙa tana ɗauke da garin launi, shi ya sa ta fi ta biro na gargajiya duhu da jure ruwa.

A kula da girman baki. Lambar da ke jikin alƙalami, 0.5 ko 0.7 ko 1.0, faɗin ƙwallon ce a milimita, ba faɗin layin ba. Layin da ke fita ya fi haka siranta, kuma a tawadar mai ya fi siranta fiye da a jel. Saboda haka 0.7 na Jetstream zai yi kama da 0.5 na jel. Domin sa hannu kawai, 1.0 ya fi kyau, yana ba da layi mai jiki kuma ya fi santsi a hannu. Wanda yake yawan rubuta saƙo na layi uku ko huɗu a ƙaramin fili, ko mai ƙananan baƙaƙe, 0.7 ya fi masa. A bar 0.38 da 0.5 ga masu cike fom: tsininsu yana kartar takarda mai kaushi, kuma sa hannun yakan fito kamar bai ƙoshi ba.

Ba su rasa aibi ba. Su ma sukan ajiye ɗan dunƙule jefi-jefi, musamman 1.0, don haka a ajiye ƴar takarda a gefe ana goge bakin bayan kowane littafi 10 ko 15. Launukansu kaɗan ne, kuma layinsu bai kai na jel cika da duhu ba. Bahago kuwa, wanda gefen hannunsa ke bin bayan abin da ya rubuta, da wuya ya sami abin da ya fi wannan.

Jel

Kamfanin Sakura na Japan ne ya fito da tawadar jel a 1984. Ta ruwa ce, amma an haɗa ta da abin da ke sa ta yi kauri in tana zaune, ta tsinke in ƙwallo ya motsa ta. Wannan ya sa tana iya ɗaukar garin launi mai yawa ba tare da ya kwanta a ƙasa ba, kuma shi ya sa layinta ya fi kowanne cika da duhu. Idan kyan sa hannu a ido ake nema, jel ne kan gaba.

Sai dai jel suna suka tara. Uni-ball Signo da Zebra Sarasa Clip garin launi ne, in sun bushe ruwa ba ya ɗaga su. Pilot G2, wanda ya cika ko'ina kuma yake da daɗin rubutu, tawadarsa rini ce kuma tana ɗan jinkirin bushewa, musamman 0.7 da 1.0. Pentel EnerGel na yau da kullum yana bushewa da sauri ƙwarai, amma shi ma rini ne, ruwa yana taɓa shi. Akwai nau'insa da aka rubuta wa Permanent, shi ne mai garin launi. Ga shi nan dai dole mutum ya zaɓa: masu saurin bushewa galibi ba su ne masu daɗewa ba, masu daɗewa kuma suna buƙatar daƙiƙa 5 zuwa 10 kafin a rufe littafi. Ga littafin da ake so ya zama abin ajiya, daɗewa ta fi muhimmanci, jiran kuma ana iya cike shi da gaisawa da mai littafin kafin a miƙa masa.

A takarda mara ƙyalli, jel mai garin launi 0.5 ko 0.7 yana yin kyau, kuma da wuya ya ɓullo ta baya sai dai inuwarsa a takarda mai siranta sosai. Na 1.0 yana zubo da tawada da yawa, a guje shi. A takarda mai santsi kuwa jel ba ya da amfani: yana kwanciya a sama, yatsa na taɓa shi ya dame, kuma wani lokaci ko bayan minti biyu yana barin hotonsa a shafin da ke kallonsa. Wani abin lura shi ne yana ƙarewa da wuri, ninki da yawa fiye da biro, domin yana ajiye tawada mai kauri a kowane layi. Wanda zai zauna wa ɗaruruwan littattafai da saƙo a kowanne, kada ya je da guda ɗaya.

Mai ƙwallo da ruwan tawada

Pilot V5 da V7 da Uni-ball Eye suna cikin wannan rukuni. Tawadarsu tsinkakkiya ce kamar ruwa, hannu ba ya gajiya da su ko kaɗan. Ta Uni-ball Eye garin launi ce kuma tana jure ruwa. Amma takardar littafin labari tana tsotsar irin wannan tawada fiye da kima, sai layi ya kumbura, ya yi naso, kuma duk inda baki ya ɗan tsaya, kamar a ɗigon harafi ko farkon sa hannu, sai tabo ya fito ta baya. In takardar mai kauri ce mai kyau, 0.5 zai iya wucewa. In ba a san takardar ba, jel ya fi shi aminci.

Alƙalamin masu zane

Ana nufin irin su Sakura Pigma Micron, wanda tawadarsa ta fito tun 1982, da Staedtler Pigment Liner da Faber-Castell Pitt. Bakinsu ba ƙwallo ba ne, ɗan tsinke ne na roba ko matsattsen zare a cikin siririn bututun ƙarfe. Ta fuskar tawada babu na biyunsu a wannan farashi: garin launi ne, ba ta cin takarda, ba ta koɗewa, ba ta naso, kuma tana bushewa da sauri a takarda mara ƙyalli. Masu adana kayan tarihi da masu zane sun daɗe da amincewa da su saboda haka.

Rauninsu a baki yake. An yi shi ne domin hannu mai tafiya a hankali, a tsaye, ba tare da dannawa ba. Sa hannu kuwa fizga ce, da sauri, a karkace. Mai nauyin hannu zai murƙushe siririn baki mai lamba 01 ko 02 cikin zama ɗaya, ya lotsa ya koma cikin bututun, daga nan sai ƙarfen ya fara kartar shafi. Idan za a yi amfani da su, a ɗauki 05 ko 08 a Micron, waɗanda layinsu ya kai milimita 0.45 da 0.50, ko kuma nau'in PN mai bakin roba da aka yi domin rubutu. Suna da murfi, kuma ba sa son a bar su a buɗe ana hira. Sun fi dacewa da wanda zai zauna shi kaɗai a natse ya sa wa kwafi na musamman hannu, ko mai zanen da ke ƙara ɗan hoto a gefen sunansa. A layin mutane masu jira, biro mai sassauƙar tawada ya fi su juriya.

Alƙalamin maka

Sharpie, wanda ya fito a 1964, shi ne mutane da yawa ke fara tunawa idan an ce sa hannu, saboda suna ganinsa a hannun ƴan wasa suna rubutu a riga da hoto da ƙwallo. A can ya dace. A cikin littafi kuwa ɓarna yake yi. Tawadarsa rini ce a cikin sinadari mai saurin tashi, kuma wannan sinadari yana ratsa takarda kai tsaye: ya ɓullo ta baya, ya ɓata shafin haƙƙin mallaka da ke can, wani lokaci har ya ɗiga a shafi na gaba. Da tafiyar shekaru kuma gefen rubutun yakan yi jirwaye mai ruwan ɗorawa. Ko mai siririn baki bai tsira daga wannan ba a takardar littafin labari.

Inda yake da gurbi shi ne bango mai leda da takarda mai santsi mai kauri, wuraren da jel da tawadar ruwa ba sa kamawa. A nan yana bushewa cikin ƴan daƙiƙu. In bangon baƙi ne ko mai duhu, ana amfani da mai ruwan azurfa ko zinariya, ko alƙalamin fenti irin su Uni Posca. Na fenti sai an girgiza shi da murfinsa a rufe, a danna bakin a wata takarda har fentin ya sauko, kuma kada a taɓa yin wannan dannawar a kan littafi, domin yakan kwararo gaba ɗaya. Yana kuma buƙatar minti guda ko fiye kafin a ɗora wani littafi a kansa. In shafin ciki ne mai duhu mara leda, farin jel mai faɗin baki, kamar Uni-ball Signo Broad, ya fi tsabta.

Wanda ba a sa hannu da shi sam

Alƙalami mai goguwa, irin Pilot FriXion. Tawadarsa ba gogewa take yi ba, ɓacewa take yi idan ta ji zafin da ya kai kimanin digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, kuma gogawar da ake yi da robar bayansa zafi take haifarwa. Littafin da aka bari a cikin rufaffiyar mota a rana zai iya kaiwa wannan zafi, a buɗe a tarar da shafi fari. Rubutun yakan dawo in an sa shi a sanyi mai tsanani ƙasa da digirin ƙanƙara, amma ba da cikakken duhunsa ba. Kamfanin da kansa yana gargaɗin kada a yi amfani da shi a sa hannu da takardun hukuma.

Alƙalami mai ɗurin tawada

Mutane da yawa suna jin cewa littafi ya cancanci wannan, kuma akwai gaskiya a ciki: ba a danna shi, layinsa yana da rai, kuma akwai masu araha nagari kamar Platinum Preppy da Pilot Kakuno, sai Lamy Safari a sama da su. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mafi yawan tawadarsa rini ce a ruwa, wato ita ce ta fi kowacce naso a takardar littafi, ta fi jinkirin bushewa a mai santsi, kuma hannu mai gumi ya isa ya dama ta. Wanda ya nace sai da shi, ya ɗauki baki siriri, mai alamar F ko EF, yana sane da cewa bakin kamfanonin Japan ya fi na Turai siranta a harafi ɗaya. Ya zuba tawada mai garin launi da aka yi domin irin wannan alƙalami, kamar Platinum Carbon Black ko De Atramentis Document, ya riƙa wanke shi da ruwa duk bayan ƴan makonni, domin garin yana toshe hanyar tawada in ya bushe a ciki. Kada a zuba masa tawadar masu zane ta kwalba wadda ake tsoma tsinke a ciki, tana da ƙaro da ke daskarewa ya kashe alƙalamin. In za a hau jirgin sama da shi, a cika shi fal ko a juye tawadar duka, kuma a ajiye bakin yana kallon sama, domin iskar da ke cikin ma'ajin tawada tana kumbura ta turo ta waje. Wannan duk ɗawainiya ce da ta dace da wanda dama da shi yake rubutu kullum. Wanda bai saba ba, ranar taron masu karatu ba ranar koyo ba ce.

Baƙi ko shuɗi, da jikin alƙalami

Baƙi mai garin kabon ya fi kowane launi daɗewa. Shuɗi kuma yana da nasa amfanin: yana bambanta da baƙin bugun inji, mai gani ya san da hannu aka yi ba hoton sa hannu aka buga ba. In shuɗi ake so, a nemi mai garin launi ko shuɗi mai duhu da ya kusa baƙi. Ja da ruwan hoda da shunayya na rini su ne ke fara koɗewa.

A jikin alƙalami, kauri ya fi ado muhimmanci. Siririn jiki yana sa yatsu su matse, matsewar ce ke kawo ciwo. Wanda ya kai kimanin milimita 10 zuwa 12 a wurin riƙo, mai roba mai laushi, mara nauyi, shi ne ke kai mutum ƙarshen layin masu jira. Mai dannawa ta baya ya fi mai murfi a taro, babu murfin da zai faɗi ƙarƙashin tebur. Wanda kuma yake da wani kyakkyawan alƙalami na kyauta da yake so a gani a hannunsa, ya duba bututun tawadar da ke ciki: in irin na Parker ne, ana samun bututu mai sassauƙar tawada da ke shiga daidai, kamar Schmidt EasyFlow 9000. Ana kiran wannan siffa G2, kuma ba ta da alaƙa da Pilot G2, bututun wannan ba ya shiga wancan.

Gwajin da ake yi kafin ranar

Duk abin da aka faɗa a sama ba ya maye gurbin gwaji a kan ainihin littafin, domin takarda biyu masu nauyi ɗaya suna iya bambanta a shan tawada. A ware kwafi ɗaya, wanda ya sami rauni a bango ya wadatar. A buɗe shafin da za a riƙa sa hannu a kai, a rubuta sunan da saurin da aka saba, sau huɗu da kowane alƙalami. A shafa babban yatsa a kan na farko bayan daƙiƙa 3, na biyu bayan 5, na uku bayan 10. Na huɗu kuma a rufe littafin nan take, a danna da tafin hannu, a buɗe a duba shafin da ke fuskantarsa. A juya a duba baya: inuwa kaɗan ba laifi, tabon tawada laifi ne. A shafa yatsa a shafi na gaba a ji ko akwai kwarmi. Washegari a ɗiga ruwa a kan kowanne, a bar shi minti guda, a ɗauke da tsumma ba tare da gogawa ba. Mai lokaci zai iya yanke shafin, ya rufe rabin rubutun da kwali, ya manna a tagar da rana ke bugawa na makonni 3 ko 4, sannan ya kwatanta rabin da rabi.

A ranar kuma, a sa ɗan siririn kwali, kamar katin gaisuwa, a ƙarƙashin shafin da ake rubutu a kai. Yana hana kwarmi, yana tare duk abin da ya ratso, yana kuma ba baki wuri mai tauri, abin da ke rage tsallen layi kusa da ɗinkin littafi. In takardar mai santsi ce, a yanka fararen takardu marasa ƙyalli daidai girman shafi, a sa ɗaya a ciki kafin a rufe. A riƙe alƙalami uku iri ɗaya, waɗanda aka riga aka cire ɗan kakin da ke bakinsu aka ja layi da su, domin sabon alƙalami yakan yi gardama a layin farko. A sa wani ya riƙa rubuta sunan kowane mai littafi a ƴar takarda kafin ya iso tebur, tun da tawadar da aka zaɓa domin ba ta goguwa ba za ta yafe kuskuren harafi ba.

Ga littafin labari ko na waƙa a takarda mara ƙyalli, Jetstream 1.0 baƙi ko ɗan'uwansa shi ne zaɓin mai dogon layin masu jira da bahago da mai nauyin hannu, Signo ko Sarasa Clip 0.7 kuma ga wanda ya fi son layi mai duhu kuma zai iya jiran daƙiƙa 10. Ga littafin hotuna mai santsi, a gwada biro mai sassauƙar tawada tukuna, in bai kama ba a koma ga maka mai siririn baki, bayan an tabbatar a kwafin gwaji cewa takardar ta yi kaurin da zai riƙe shi.